Amsar Tambaya: Me Ya Sa Gilashin Waya Ke Ƙin Jin Yatsa?

Gilashin wayar shafa ba matsin yatsa yake ji ba, lantarkin jikin mutum yake ji. A ƙarƙashinsa akwai siraran layuka da ido ba ya gani, an jera su tsaye da kwance kamar saƙar tabarma, kuma kowace mahaɗa na riƙe da ɗan caji. Da yake jikin mutum na ɗaukar lantarki, yatsa na kusantowa sai ya janye kaɗan daga cajin wurin. Wata 'yar na'ura a ciki na duba mahaɗun sau da dama cikin daƙiƙa guda, inda ta ga canji nan ne aka taɓa. E. A. Johnson ne ya bayyana dabarar a Ingila a 1965, amma sai bayan fitowar iPhone a 2007 ta game duniya.

Tsinke ko safar hannu ba sa ɗaukar lantarki, shi ya sa ba sa motsa komai. Manomin gero a Agye ko Gazawa wanda kanta ta cika wa yatsa, balle da hunturu in fata ta bushe, yakan sha wannan matsala, kuma sau da yawa wayar lafiyarta lau. Ya gwada gefen yatsa mai laushi, ko ya ɗan shafa mai ya goge.

Ruwa da gumi kuwa ɗaukar lantarki suke, sai waya ta riƙa danna kanta. Caja mai araha ma na jawo haka. Kafin a kai ta wurin mai gyara a kasuwar Gidan Rumji, a cire cajar, a goge gilashin da busasshen ƙyalle, a duba ko murfin kariyar da aka manna ya yi kauri.