Ina Ruwan Randa Yake Tafiya?

TAMBAYA: Ni ɗaliba ce a ajin farko na babbar sakandare a nan Dutsi. Malaminmu na kemistiri ya ce abu ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. To amma a gidanmu ana cika randa da daddare a rufe ta da faifai, gari na wayewa a tarar ruwan ya ɗan ja baya, ba wanda ya sha, ga shi da sanyi ƙarara. Na jarka kuwa yana nan cike, sai dai da ɗumi. Kakata ta ce randa ce ke shan rabonta. Wa ke da gaskiya? Kuma me ya sa da damina sanyin randa ba ya kai na rani?
Daga wata ɗaliba, Dutsi, Jihar Katsina

AMSA: Malaminki ya faɗi daidai, Kaka ma ba ta yi nisa da gaskiya ba. Randa tana ɗaukar rabonta, amma ba ta riƙe shi. Iska take miƙa wa, kuma da wannan ruwan da ya tafi aka sayo sanyin da kike sha.

Duk abin da ke da nauyi, kuma yake cin wuri, a ɗayan hali uku kika saba ganinsa: sandararre, ko mai kwarara, ko iska. Ruwa yana nuna miki ukun a gida ɗaya: ƙanƙarar da ake saye da azumi, ruwan rijiya, da tururin tukunyar tuwo. A duka ukun ƙwayar ruwan ba ta sauya ba, zarra 2 ta haidirojin ce haɗe da 1 ta oksijin. Abin da ya bambanta shi ne motsi. A ƙanƙara ƙwayoyin suna kafe wuri ɗaya suna karkarwa, a ruwa suna zamewa a jikin juna, a tururi kowace ta kama gabanta. Abin da muke ji muna kira zafi, ƙarfin wannan motsi ne.

Yanzu shafa jikin randa da tafin hannu. Za ki ji danshi, domin yumɓun da aka gasa cike yake da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa ke naso zuwa waje. Ƙwayoyin da ke bayan randa ba gudu ɗaya suke ba. Waɗanda suka fi ƙarfin motsi su ke tsinkewa su bi iska, kuma ba sai ruwa ya kai digiri 100 ya tafasa ba. Masu zafin suna ficewa, masu sanyin suna saura. Roba ba ta da ƙofa, saboda haka jarka ba ta asarar ko ɗigo, ba ta kuma samun sanyi.

Nan ne wurin da nake so ki tsaya sosai, domin yawan zafin da tururi ke kwashewa ya wuce yadda ake zato. Kafin lita 1 ta tafasasshen ruwa ta ƙone ƙurmus ta zama tururi, sai ta ci wutar da ta ninka fiye da sau 5 wadda aka kashe wajen kai ta daga digiri 0 zuwa 100. Duk tsawon lokacin nan ma'aunin zafi ba ya ƙara ko digiri ɗaya. Joseph Black, wani malami a Jami'ar Gilasgo ta Sikotland, shi ya bayyana wannan ɓoyayyen zafi a wajajen 1761. Randa ba a kan murhu take ba, to daga ina ƙwayoyin za su samo wannan zafi? Daga jikin randar da ruwan da ke ciki. Idan randa mai lita 20 ta rasa moɗa ƙarama, kamar mililita 200, hakan ya isa ya sauke zafin sauran da kusan digiri 6, in da wani zafin ba ya shigowa daga waje. Shi ya sa ake girke ta a inuwa, kan yashi mai laima. Zufar jikinki ma aikin nan take yi.

Ruwan da ya tafi yana nan da nauyinsa a cikin iska. Lavoisier na Faransa ya kafa wannan ƙa'ida ta cewa abu ba ya ɓacewa a littafinsa na 1789, bayan ya yi ta auna abubuwa a rufaffen mazubi. Haka ma idan madatsar ruwa ta Daberam ta ja baya da rani, wani kaso na ruwan hanyar nan ya bi.

Batun damina kuwa, iska ce ta ƙoshi. A watan Maris iskar ƙasar Daura busasshiya ce, tana karɓar tururi da sauri, sai randa ta yi sanyi ko da rana na ƙuna. A Agusta iska cike take da laima, kusan yawan ƙwayoyin da ke fita su ke komowa, sai aikin ya ragu.

Wannan ilimi ya taɓa fitar da sunan Arewa. Muhammad Bah Abba, malami a kwalejin kimiyya da fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da ɗanyen tsumma. Yalo da tumatir da kan lalace cikin 'yan kwanaki suka riƙa kaiwa makonni, ba lantarki. A shekarar 2000 ya karɓi lambar yabo ta Rolex. Yana ba ni takaici a ce yaro ya haddace halaye uku na abu don jarabawa, bai taɓa jin cewa darasin yana girke a tsakar gidansu ba.

Ki gwada da kanki. Samo tulu biyu iri ɗaya, ki cika su, ki naɗe ɗaya da leda ki ɗaure bakin, ɗayan ki bar shi a fili. Da safe za ki ga ɗigon ruwa a jikin ledar ta ciki, wato rabon da bai sami hanyar fita ba, kuma ruwan wannan tulun ba zai kai ɗayan sanyi ba. Ki nuna wa Kaka da malaminki.

Kada a shafa wa randa fenti ko siminti, domin toshe ƙofofin ne. In ta tsufa sanyinta ya ragu, datti da gishirin ruwa ne suka cushe ta, a goge ta sosai ciki da waje. Sanyi kuma ba ya kashe ƙwayar cuta, don haka a riƙa wanke moɗa, a hana yara tsoma hannu.