Kumfar Iska a Gilashi: Dalilinta da Yadda Za Ka Rage Ta

Duk wanda ya taɓa manna gilashin kariya a fuskar waya ya san takaicin kumfar iska. To irin wannan matsalar ce ta lalata mini faranti biyu a nan Abbasiya, ina ƙoƙarin haɗa wa ƙanwata farantin gilashi na kayan ɗakinta a ƙaramin tanderun lantarki. Kuɗi sun tafi, biki kuma yana matsowa.

Ga abin da ke faruwa. Idan ka ɗora gilashi kan gilashi ka kunna tanderu, gefe ne ke fara ɗaukar zafi. Sai ya yi laushi ya manne tun tsakiya ba ta zauna ba, iskar da ke tsakani ta rasa ƙofar fita. Da zafi ya doshi digiri 800 a ma'aunin Salshiyas, sai ta kumbura ta ɗaga gilashin.

Maganin shi ne a bai wa iskar lokaci. Kamar dai a waya, daga tsakiya ake koro ta zuwa gefe.

1. Wanke gilashin tas, ka bar shi ya bushe. Faifan da za ka ɗora shi a kai ma ya bushe sarai, kuma ya zama shimfiɗaɗɗe. Danshi ko ɗan rami a ƙasa shi ke kawo manyan kumfa.

2. Saka 'yan ƙananan gutsattsarin gilashi iri ɗaya a bakin gefe, tsakanin na sama da na ƙasa. Su ne za su riƙe ƙofar a buɗe.

3. Saita na'urar sarrafa zafi ta hau a hankali, ta tsaya tsakanin digiri 620 da 670 na minti 30 zuwa 60. A nan tsakiya ke fara sauka da nauyinta, ta tura iskar waje.

4. Sai ka haura wajen 800 don su haɗe, ka sauko 482 ka tsaya kamar awa guda, don kada ya tsage wajen hucewa. Waɗannan lambobin na gilashin Bullseye ne. Na taga ya fi buƙatar zafi.

Faranti na uku ya fito lafiya, sai 'yan ƙananan kumfa kamar ƙwayar gero. Ban damu ba, don na ga masu hura gilashi kusa da masallacin Sarki Ƙaitbai, wanda aka kammala a 1474, ba nisa da nan. Fasassun kwalabe suke narkawa, kuma ƙananan kumfan nan su ne adon kayansu. Babbar kumfa ce abin gudu, don tana sirantar da gilashi har ya fashe.

In kana da tanderu, fara gwadawa da ɗan guntu kafin ka saka mai tsada. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.