Kututturen da Ruwa Ya Rufe

Ya kai mai neman hanyar Allah, da kai wanda ka ba da gaskiya ga Yesu Almasihu kwanan nan, ka kasa kunne ga wani misali daga bakin ruwan Warra.

A shekara ta 1968 aka gama madatsar Kainji, kogin Kwara ya cika ya zama tafki. Ruwa ya ci tsohuwar Bussa da gungu masu yawa na ƙasar Yawuri, aka ta da mutane fiye da 40,000 daga mazauninsu. Amma ba dukan itatuwan da ke cikin kwarin aka sare ba. Ruwa ya rufe su, bai kuwa tumɓuke su ba. Sa'ad da tafki ya cika, sai ka ga fuskar ruwa shimfiɗe sumul, ka ce babu kome a ƙarƙashi. Sa'ad da ruwa ya ja baya, ga kututture nan a tsaye inda yake tun dā. Masunci mai hankali ba ya jin haushin ranar da ta nuna masa shi, gama abin da ya gani da rana shi zai kauce wa da dare.

Haka zunubi yake cikin zuciyar mutum. Mutum yakan shiga ikilisiya, ya koyi waƙoƙi, ya sa riga mai tsabta ran Lahadi, har jama'a su yaba masa. Duk wannan ruwa ne a bisa kututture. Ƙarya tana nan, da ƙyashi, da fushin da yake huce wa matarsa a ɗaka, da layar da ya ɓoye a jikin rufin ɗaki don ko ta kwana. Yawan shekaru kuwa ba ya ruɓar da su.

Allah haske ne, kamar yadda Yohanna ya koya mana a farkon wasiƙarsa ta fari. A sura ta 3 ta Bisharar Yohanna kuma, bayan zancen Nikodimu wanda ya zo wurin Yesu da dare, an bayyana dalilin da ke sa mutane gudun haske: suna tsoro kada a tone ayyukansu. Lalle tonon yana da zafi. Kada wani ya ruɗe ka cewa babu kunya a ciki.

Dubi sarki Dawuda. Ya ɗauke matar Uriya, ya kuma shirya aka kashe Uriya a bakin dāga. Watanni suka wuce, gari shiru, sarki yana zaune a gadon sarauta yana yi wa waɗansu shari'a. Sai Allah ya aiko annabi Natan da labarin wani mai arziki da ya ƙwace 'yar tunkiyar matalauci. Nan da nan Dawuda ya husata, ya yanke wa mutumin hukunci, bai san kansa yake yanke wa ba. Ashe laifi tudu ne, mutum ya taka nasa ya hango na wani! Amma ga inda Dawuda ya bambanta da yawancinmu. Da Natan ya nuna masa shi ne mai laifin, bai kawo hujja ba, bai kori annabin ba, ko da yake yana da ikon yin haka. Ya amsa laifinsa. Labarin yana cikin 2 Sama'ila sura 12, addu'ar tubansa kuwa ita ce Zabura 51. Allah ya gafarta masa, amma Uriya bai dawo ba.

Ka riƙe wannan da kyau, domin ɓoyayyen zunubi ba mai shi kaɗai yake cuta ba. Mutanen Warra sun san abin da jirgi ɗaya yake iya jawowa: ran 26 ga Mayu 2021 wani jirgi da ya taso daga Jihar Neja ya nufo Warra ya nutse, mutane da yawa suka rasu. Ba mu ce sun fi kowa zunubi ba, Ubangijinmu da kansa ya hana irin wannan zato a Luka sura 13. Abin da muke faɗi shi ne, kai ma jirgi ne mai ɗauke da mutane: matarka, da 'ya'yanka, da maƙwabcin da ke duban tafiyarka domin ya san ko wannan hanya gaskiya ce.

To, me za ka yi? Mai jirgi yakan jawo jirginsa gaci, ya kife shi a rana, ya bi shi da hannu yana neman tsaga, ya toshe tun ba ta buɗe ba. Kai ma ka keɓe kanka, ka buɗe Littafi Mai Tsarki, wanda yake da Hausa dukansa tun 1932, in kuwa ba ka iya karatu ba tukuna ka roƙi ɗan'uwa ya karanta maka. Ka roƙi Ruhu Mai Tsarki ya nuna maka naka, ba na maƙwabcinka ba. Abin da ya nuna maka, ka ambace shi da sunansa a gaban Allah. Kada ka ce "na yi kuskure" alhali sata ka yi. Gafara tabbatacciya ce, gama Yesu ya riga ya ɗauki hukuncin a kan gicciye. Ba hawayenka ke sayenta ba.

Daga nan sai gyara. Zakka mai karɓar haraji a Yariko, da Yesu ya sauka a gidansa, ya yi alkawarin mayar wa duk wanda ya cuta riɓi huɗu. In kana sa ruɓaɓɓen kifi a ƙasan kwando ka jera mai kyau a sama, ka bari daga kasuwa mai zuwa. In mudunka na sayarwa ya fi na saye ƙanƙanta, ka fasa shi, ka tafi wurin wanda ka tauye wa awo ka cika masa.