Laifi Tudu Ne

Ya kai mai karatu, mutanen dā sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. Wannan hali yana cikin zuciyar kowane ɗan Adam. Mai awo yana tauye mudu, amma yana kuka da mahauci domin ya cika masa ƙashi. Mace tana tsine wa masu tsegumi, ga ta kuwa a bakin rijiya tana tona asirin maƙwabciyarta. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ko Sarki Dawuda bai tsira daga wannan ba. Ya ɗauki matar Uriya, ya sa aka kashe mijin a bakin dāga, ya zauna abinsa. A Littafin Sama'ila na 2, sura 12, Allah ya aiko annabi Natan, ya ba shi labarin wani mawadaci mai garkuna da yawa, wanda ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tak ta wani matalauci, ya yanka wa baƙonsa. Dawuda ya husata ƙwarai, ya ce mutumin nan ya cancanci mutuwa. Ashe kansa ya yanke wa hukunci. Da Natan ya bayyana masa, bai kawo hujja ba, sai ya amsa laifinsa a gaban Ubangiji.

Kai da ka soma bin Yesu Almasihu, ka yi hankali. Da mutum ya bar waɗansu munanan ayyuka, sai Shaiɗan ya raɗa masa cewa ya fi danginsa. Ya riƙa ƙirga zunuban gidansu, ya manta da girman kai da ya tsiro a zuciyarsa. Ta haka waɗanda suka so su ji bishara sukan juya baya.

Ga abu uku da za ka riƙe:

1. In ka ga laifin wani, ka fara tambayar kanka ko kana da irinsa.

2. In tilas ne a yi magana, ka je wurin mai laifin shi kaɗai, da tawali'u, kada ka kai zancen dandali.

3. In an nuna maka naka, kada ka yi gardama. Ka tuba, ka biya abin da ka ɓata.

Gama wanda ya san yawan gafarar da aka yi masa, shi ne mai saurin yi wa ɗan'uwansa jinƙai.