Yadda Ake Ɗanɗana Giyar Gidan Sufaye a Beljiyam

Mutanen Beljiyam ba don kashe ƙishirwa suke shan wannan giya mai launin jan zuma ba. A zaune suke kurɓarta, sannu a hankali, kuma a 2016 UNESCO ta sa al'adar giyarsu cikin kayan gadon duniya. Ga baligin da addininsa da lafiyarsa suka yarje masa, ga yadda suke bi da ita.

Da farko, karanta takardar jikin kwalbar. Giyar Trappist, irin su Chimay da Orval, a cikin gidan sufayen Katolika ake dafa ta, ƙarƙashin kulawarsu. Irin su Leffe kuwa kamfani ne ke yi, suna da salo kawai aka aro daga sufayen. In ka ga ganyen taurari a kan kore, tambarin Tarayyar Turai ne, mai nuna aƙalla kashi 95 cikin ɗari na amfanin gonar da ke ciki an noma shi ba takin zamani ba feshin kemikal. Shaidar noma ce, ba ta yi maka alkawarin daɗi ba.

Na biyu, sanyi, kuma nan aka fi yin kwaɓa. Giyar da ta yi sanyi ƙarara ba ta ƙamshi. Fito da ita daga firji, ka bar ta a tsaye har ta kai digiri 8 zuwa 12.

Na uku, zubi. Samo kofin gilashi mai faɗin baki da ƙafa, wanda ba maiƙo a jikinsa, don maiƙo na kashe kumfa. Karkata shi, zuba a hankali, ka miƙar da shi in ya kusa cika, kumfa ta tashi kamar yatsa biyu. Da yawan irin waɗannan giya akan ƙara musu yis a kwalba, sai ya kwanta a gindi. Bar wannan ragowar. Mai so ya sha ta daban.

Sai ka ɗaga kofin wajen haske ka duba launin, sannan ka kaɗa shi kaɗan ka sansana. Zaƙin da ke bugun hanci kamar sukarin da ya fara ƙuna a tukunya daga gasasshen tsiron sha'ir yake, ɗan'uwan tsiron da ake sa wa kunun zaƙi. Ƙamshin ayaba da kanumfari kuwa ba zuba su aka yi ba, aikin yis ne.

Kurɓi kaɗan, ka bar shi ya zaga baki kafin ka haɗiye. Zaƙi ke fara zuwa, ɗacin furen hop da ake dafa giyar da shi ya biyo baya a maƙogwaro. Wadda zaƙinta ya manne a harshe ba ɗacin da zai wanke shi, a ganina ba ta yi ba. Sake kurɓa bayan minti goma, za ka ji dabino da zabibi sun fito yayin da take hucewa. Mutanen can sukan haɗa ta da cuku da burodi.

Ƙarfinta yakan kai kashi 6 zuwa 7 cikin ɗari, wata ma ta wuce haka, ya ɗara na giyar kanti, zaƙin kuma na ɓoye shi. Kwalba ɗaya ta isa zama guda, kuma wanda ya sha kada ya taɓa sitiyari.