Darasi: Ƙofar Da Mai Ciniki Ke Bi Zuwa Manhajar Kamfani

MINNA — Duk ɗan kasuwar da ya yi fama da aika kuɗi ta waya a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun Naira, ya san yadda manhajar banki kan ƙi buɗewa idan jama'a suka yi mata yawa. Irin wannan rububi ne kan faɗa wa shafin hukumar jarrabawa ta NECO, mai hedkwata a nan Minna, ranar fitar da sakamako. Dabarar da kamfanoni da dama ke bi ita ce su zuba manhajarsu cikin ƙananan kwantenoni, su damƙa su ga tsarin Kubernetes, wanda Google ya fitar a 2014. Shi ke ƙara yawansu idan kasuwa ta cika, ya rage idan ta watse.

Sai dai kwantena ba ta da mazauni guda. In ta mutu, a tayar da wata da sabon adireshi, tamkar mai talla da ke sauya inuwa a Kasuwar Kure. Saboda haka tsarin ya tanadi adireshi tabbatacce, mai suna Service, wanda ke karɓar saƙo ya miƙa wa kwantenar da ke raye.

Nau'in farko, ClusterIP, ƙofar cikin gida ce. Na waje ba ya ganin ta, kuma nan ya kamata ma'ajiyar bayanan abokan ciniki ta tsaya. NodePort kan huda ƙofa a jikin kowace na'ura, tsakanin lamba 30000 da 32767, abin da ya fi dacewa da gwaji. LoadBalancer kuwa hayar ƙofa ce daga kamfanin da ke ba da aron na'urori, kuma galibi da Dala ake biya. Wanda ya yi wa manhajoji goma ƙofa goma, hayar goma zai biya, ga Naira kuma ta faɗi tun 2023.

A nan ne Ingress ke da amfani. Shi ne zauren gidan: ƙofa ɗaya, kowa ya yi sallama, a duba sunan shafin da yake nema, a kai mai biyan kuɗi ɗaki kaza, mai duba farashi ɗaki kaza. A zauren ne kuma ake ɗora takardar tsaro da ke ɓoye saƙo daga idon ɓarayi.

Sakaci a nan ba ƙaramin abu ba ne. A 2018 aka gano cewa kamfanin motoci na Tesla, na Amurka, ya bar allon sarrafa Kubernetes ɗinsa ba kalmar sirri, ɓarayi suka shiga suna haƙar kuɗin intanet da na'urorinsa. A Najeriya kuwa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta tanadi tarar da kan kai Naira miliyan 10, ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar shekara, ga manyan masu riƙe bayanan jama'a.

A watan Nuwamba na 2025, masu kula da Kubernetes suka sanar da daina gyaran Ingress NGINX, zauren da ya yi farin jini ƙwarai, daga Maris na 2026, suka ba da shawarar komawa ga sabon tsarin Gateway API. Mai kamfani ba sai ya iya aikin ba, amma ya kira injiniyansa ya tambaye shi: ƙofa nawa muka buɗe, nawa muke biya a wata, kuma wane zaure muke amfani da shi?