Hanyar Samun Sabon Ilmin Kimiyya Daga Tushensa

A watan Disamba na shekarar 2024 aka fara yi wa ƙananan yara rigakafin zazzaɓin cizon sauro a Nijeriya, kuma jihohi biyu aka zaɓa don farawa, wato Kebbi da Bayelsa. Ba a banza aka sa Kebbi ba. Binciken ƙasa na shekarar 2021 ya nuna cewa kusan kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada a jihar suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu, adadin da ya fi na kowace jiha. Allurar, mai suna R21, masanan Jami'ar Oxford da ke Ingila ne suka ƙirƙiro ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a watan Oktoba na 2023. Aikinta shi ne koya wa garkuwar jiki ta gane ƙwayar Plasmodium tun lokacin da macen sauro ta zuba ta, kafin ta isa hanta ta hayayyafa.

To, a duba halin malamin ilmin halittu da ke koyarwa a Manga, cikin ƙaramar hukumar Zuru. Idan littafin da ke hannunsa an buga shi kafin 2021, babu mamaki ya ce zazzaɓin nan ba shi da allurar rigakafi. Ɗalibi zai rubuta haka a aji, ya koma gida ya tarar an kai ƙanensa asibiti an yi masa ita. Daga nan sai ya yi shakkar malamin, ko kuma, abin da ya fi muni, ya yi shakkar allurar.

Wannan ba baƙon abu ba ne a kimiyya. An daɗe ana koyar da cewa ɗan Adam yana da ƙwayoyin gado kusan 100,000, sai aikin tantance su da aka kammala a 2003 ya rage adadin ƙwarai, har yanzu ake lissafa kimanin 20,000. Littafi ranar da aka buga shi yake tsayawa, bincike kuwa ba ya tsayawa.

Masana sun daɗe da neman maganin wannan. Tun ƙarshen shekarun 1950 wani Ba'amurke, Eugene Garfield, ya riƙa tattara shafin ƙunshiya na mujallun kimiyya masu yawa yana bugawa a ɗan littafi guda mai suna Current Contents, ana aika wa masu biyan kuɗi ta gidan waya kowane mako. Hikimar ita ce mai bincike ba sai ya bi mujallu ɗaya bayan ɗaya ba; jerin kanun sababbin maƙalu ne zai zo ya same shi, ya zaɓi abin da ya shafe shi.

Wannan hikima ce aka mayar cikin intanet a 1999, lokacin da kamfanin Netscape ya fito da tsarin da ake kira RSS. Bayaninsa ba wuya. Mujalla ko hukuma takan ajiye wani ɗan fayil wanda ba ya ɗauke da kome sai jerin sababbin abubuwan da ta wallafa: take, kwanan wata, taƙaitaccen bayani da adireshin cikakken rubutun. Mai karatu zai sa manhajar tattara labarai a wayarsa ko kwamfutarsa, kamar Feedly ko Inoreader, ya ba ta adireshin fayil ɗin sau ɗaya tak. Daga ranar, manhajar ce za ta riƙa leƙawa lokaci lokaci, ta kwatanta da abin da ta gani a baya, ta jera masa sabon kawai.

Ɗalibin ilmin halittu zai gane wannan da sauri in ya tuna da gizo-gizo, wanda daga saƙarsa ma aka aro sunan yanar gizo. Ba ya yini yana zagaya zaruruwa don duba ko ƙuda ya faɗa. Wuri guda yake laɓewa, ƙafafunsa a kan zare, sai girgizar ta sanar da shi.

Ga mazaunin karkara akwai amfani biyu. Na farko, fayil ɗin rubutu ne tsantsa, saboda haka ba ya cin data sosai, kuma yakan sauka ko da sabis ba shi da ƙarfi. Na biyu ya fi muhimmanci. A dandali irin su Facebook, tsarin kamfanin ne ke zaɓar abin da mutum zai gani, kuma yakan fifita abin da ya fi jan hankali, ko da ba shi ne ya fi inganci ba. A nan kuwa mai karatu ne ya zaɓi tushen da kansa, labarai kuma suna zuwa bisa jerin lokacin fitarsu. Gaskiya ne tsarin ya ja baya bayan da Google ya rufe manhajarsa ta Google Reader a Yulin 2013, amma manyan mujallun kimiyya da yawa ba su daina ba. Inda babu shi, yawanci akwai sanarwa ta imel, wadda ke yin aiki iri ɗaya.

Kuskuren sabon shiga shi ne haɗama. Wanda ya yi rajista da wurare hamsin zai wayi gari da ɗaruruwan kanun labarai, ya gaji ya watsar cikin mako guda. Tushe uku ko huɗu sun ishi malamin sakandare: sanarwar Hukumar Lafiya ta Duniya, rahotannin Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya, irin wanda take fitarwa kan zazzaɓin Lassa, da sashen labarai na wata babbar mujalla kamar Nature ko Science. Ya kamata kuma a kiyaye cewa sakamakon bincike guda ba hujja ba ne har sai wasu masana sun maimaita shi sun tabbatar. Haka nan, ɗalibin da zai zauna jarrabawar WAEC ko NECO ya amsa tambaya bisa manhajar karatun da aka ba shi; sabon bayani na faɗaɗa fahimta ne, kuma aikin malami ne ya nuna masa inda biyun suka rabu.

Mai son zurfafawa sai ya nufi PubMed, rumbun maƙalun likitanci da ilmin halittu na Amurka, wanda shigarsa kyauta ce tun 1997. Zai rubuta kalmomin nemansa da Turanci, alal misali sunan cutar zazzaɓin cizon sauro tare da kalmar Kebbi, sannan ya danna wurin ƙirƙirar RSS ko na sanarwar imel da ke ƙarƙashin akwatin nema. Duk sabuwar maƙalar da ta shiga rumbun mai ɗauke da waɗannan kalmomi, takenta zai iso wayarsa, galibi tare da taƙaitawa, wadda sau da yawa ta isa a gina darasin minti arba'in a kanta.